Awon Kafeyin a Gahawa: Sai Lallai Mas-Sifek, ko HPLC Ta Isa?

Kawuna ya haura shekara talatin yana fataucin goro a Agege. Huhu na zuwa masa daga Shagamu, ya tsince, ya sake ɗaurewa, ya loda wa motocin arewa. Bara waccan sai ya ƙara wata sana'a a gefe. Wani abokinsa na turo masa ɗanyar gahawa daga Gembu, can kan tsaunin Mambila, shi kuma ya soya, ya niƙa, ya ƙulla a leda. Iri biyu yake yi: ɗaya zalla, ɗaya haɗe da garin goro da citta da kanumfari. Kaya sun fara shiga, har wani mai babban kanti a Lekki ya ce zai ɗauka, amma da sharaɗi. A rubuta masa a jikin leda miligiram nawa na kafeyin ke cikin kowane cokali, a kuma kawo takardar ɗakin gwaji.

Ran wata Asabar ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kama sunana ba.

"Uwata, yaron nan ya duba a waya, ya ce wai akwai wata na'ura, mas-wani-abu, ita ce ba ta ƙarya. Da ita nake so a gwada mini, ko nawa ne."

Na ce, "Kawu, ku dakata tukuna. Kun taɓa ɗora huhun goro a kan sikelin masu sayar da gwal?"

Ya yi dariya, ya ce sai dai mahaukaci. Na ce to abin da kuke shirin kashe wa kuɗi ke nan.

Aikina ke nan, gwajin abinci da abin sha, kuma ba shi ne na farko da ya zo mini da wannan maganar ba. Masu haɗa shayin gargajiya, masu lemon ƙara kuzari, ɗaliban digiri na biyu, duk sukan zo da sunan na'urar da ta fi tsada a baki. Gahawa zan riƙa cewa a nan, don kofi a bakinmu abin zuba shayi ne, kuma kafeyin zan rubuta don kada a karanta shi "kafin".

Kafeyin ba ɓoyayyen abu ba ne a cikin gahawa. Wani Bajamushe, Friedlieb Ferdinand Runge, ya ware shi tun 1819, da kayan aikin da ɗan sakandaren yau zai raina. A ƙwayar Arabika, irin wadda ake nomawa a Mambila da kewayen Jos, yakan kai kusan kashi 1.2 cikin ɗari na busasshen nauyi. Robusta, ta wurare masu zafi irin su Kogi da Ondo, takan kusa ninka haka, wajen kashi 2.2. Wato giram 10 na garin Arabika na ɗauke da kimanin miligiram 120, na Robusta kuwa 220. Goro ma ba baya ba ne, yana nan wajajen kashi 2. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a yini bai da illa ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Mai kantin nan yana da hujjarsa ke nan, musamman a kan haɗin mai goro, wanda kafeyin ke shigarsa ta ƙofa biyu.

Hanyoyi huɗu za a gitta maka idan ka shiga ɗakin gwaji a Legas da ledarka a hannu.

Mafi araha ita ce na'urar haske, wadda a takarda za ka ga an rubuta UV. Kafeyin yana shan hasken da ido ba ya gani, ya fi sha a wajen nanomita 272 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne). A haska ruwan, a ga nawa hasken ya ragu, a kwatanta da ruwan da aka san adadin kafeyin ɗinsa. Kusan kowane sashen kimiyyar sinadarai na jami'a yana da ita, kuma aikin minti kaɗan ne. Aibinta shi ne ba ta san kowa ba. Duk abin da ya sha haske a wannan wurin, ita a wurinta kafeyin ne, alhali gahawa cike take da wasu sinadaran da ke shan haske a kusa da nan. Shi ya sa sai an fara ciro kafeyin ɗin da wani ruwan sinadari irin dayikuloromiten, kuma a wurin cirowar ma ana asarar wani abu. Ga gahawa zalla, a hannun mai haƙuri, takan ba da lamba ta kusa da gaskiya. Ga haɗin Kawu kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Goro na da wani ɗan uwan kafeyin mai suna tiyoburomin, wanda ya fi yawa a kokon da ake yin cakulan da shi, kuma shi ma a wannan wurin yake shan haske. Na'urar za ta haɗa su ta ba ka jimla ɗaya. Ɗalibin da ke aikin kammala digirin farko zai iya amfani da ita. Wanda zai buga lamba a jikin leda ya sayar wa jama'a, ya wuce gaba.

Ta biyu ita ce HPLC, kuma ita ce na ce wa Kawu ya biya. Idon da ke cikinta irin na na'urar farko ne, haske a nanomita 272. Bambancin shi ne kafin ruwan ya isa gaban idon, sai an tura shi da ƙarfin famfo ta cikin wani siririn bututun ƙarfe, tsawonsa bai fi santimita 15 zuwa 25 ba, cike da lallausan gari mai ɗan maiƙo. Muna ce masa kolom. Ka ɗauka mata ashirin sun shiga kasuwar Mile 12 ta ƙofa ɗaya a lokaci guda. Wata ba ta san kowa ba, ta miƙe ta fita. Wata sai ta gaisa da mai tumatir, ta taya albasa, ta tsaya jajen mai tattasai. Wanda ya zauna a ƙofar fita zai gan su ɗaya bayan ɗaya, kuma in ya san halinsu, agogo kaɗai ya ishe shi ya faɗi mai fitowa. Haka sinadaran suke a cikin kolom. Tiyoburomin ya riga fita, kafeyin ya biyo baya a nasa lokacin, kowa da tsininsa a kan allon kwamfuta. Girman filin da tsinin ya mamaye shi ne yawan abin.

Abin da ya ƙara mata daraja shi ne akwai rubutacciyar ƙa'ida ta duniya a kanta. ISO 20481, ta shekarar 2008, ita ce hanyar da aka amince a riƙa komawa gare ta wajen awon kafeyin a gahawa, ɗanya ko soyayya ko ta gwangwani mai narkewa, kuma HPLC ce. An faɗi yadda za a jiƙa garin a ruwan zafi mai digiri 90 tare da garin maganisiyam oksaid, a tace, a ɗura. Shayi ma yana da tasa, ISO 10727. In takardarka na ɗauke da wannan lamba, mai saye a Lekki ko Dubai ko Hambog ya san abin da aka yi, babu dogon bayani. Ko gahawar da aka cire wa kafeyin, wadda dokar Turai ta ce a mai narkewa kada ragowar ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, HPLC na ganin ragowar ba tare da wahala ba.

Sai uwar gayya, mass spectrometer, ko mas-sifek kamar yadda muke yanke sunan a wurin aiki. Ita ba ruwanta da haske. Sikeli ce ta ƙwayoyin sinadari. Ana ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, a jefa su cikin wani fanko da aka zuƙe wa iska, a rarrabe su gwargwadon nauyi, kamar yadda iska ke raba tsaba da ƙaiƙayi a wurin shiƙa. Francis Aston ya ƙera ɗaya daga cikin irinta na farko a Kambirij a 1919, shekara ɗari cif bayan Runge. Nauyin ƙwayar kafeyin 194 ne. Ita ma ba a ɗura mata gahawa kai tsaye, sai an haɗa ta da wata na'urar da za ta fara rarrabewa, kuma a nan ta rabu gida biyu.

GC-MS tana mai da abin tururi ta tura shi da iskar hiliyam. A ciki a farfasa ƙwayar, a sami 194 da gutsattsari irin su 109, a kwatanta da dubban hotunan da ke ajiye a kwamfuta. Wajen gano sunan abin da ba ka sani ba, tana da kyau ƙwarai, kuma ita ce sarauniyar ƙamshi: in kana son sanin me ya bambanta ƙamshin gahawar Gembu da ta Habasha, nan za ka. Amma ba ta son ruwa, ba ta son sukari, ba ta son madara. Sai an sake komawa ga cirowa da ruwan sinadari, ga hiliyam da ake shigowa da shi da dala. Don awon kafeyin kawai, zagaye ne.

LC-MS/MS ita ce wadda ɗan Kawu ya gani a waya. HPLC ce a gaba, mas-sifek a baya. Ruwan da ya fito daga kolom ana fesa shi ta bakin allura mai ɗauke da wutar lantarki ta dubban bolt, dabarar da ta sa John Fenn ya sami kyautar Nobel a 2002. Kafeyin ya ɗauki caji ya zama 195. Matata ta farko ta tare kowa sai 195. A ɗaki na biyu a buga shi da iskar agon ko naitirojin ya fashe. Matata ta ƙarshe ta nemi gutsure mai nauyin 138. Kamar mai unguwa ne da baƙo: ya tambayi sunansa, bai gamsu ba, ya tambayi sunan ubansa. Samun wani sinadarin da zai fito a daidai wannan lokacin, da nauyin 195, ya kuma fashe ya ba da 138, abu ne mai wuyar gaske. Shi ya sa ake cewa ba ta ƙarya, kuma ta fuskar shaida wane ne wane, da gaskiyar masu faɗa.

Tambayar Kawu dai ba "wane ne" ba ce. Kowa ya san akwai kafeyin a gahawa. Tambayarsa "nawa ne", kuma a nan ne sikelin gwal ke fara ba da wahala. Kofin gahawa na yau da kullum, mai mililita 240, yana da wajen miligiram 95, wato kusan miligiram 400 a lita. Ita kuwa wannan na'urar ta fi jin daɗin aiki a ma'aunin maikurogiram, kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Kafin a ba ta, sai an tsinka ruwan sau dubbai. A ɗebi ɗigo a cika kwalba, a ɗebi ɗigo daga wannan a cika wata. Kowane ɗiba yana da ɗan kuskurensa, kuma kuskuren baya yana hawa kan na gaba. A ƙarshe a ninka sakamakon da dubu huɗu, a ninka kuskuren tare da shi.

Ga kuma matsalar da muke kira danniya. A bakin allurar nan caji ba ya isar kowa. Wanda ya taɓa neman danfo a Oshodi da ƙarfe shida na yamma ya san yadda abin yake: ƙofa ɗaya, mai ƙarfi ke shiga. In wasu sinadaran gahawar sun fito tare da kafeyin, sai su ƙwace cajin, na'urar ta ga ƙasa da abin da ke akwai, kuma ba za ta gaya maka ba. Maganinsa shi ne a zuba wa kowane samfur wani kafeyin na musamman da aka ƙera da ƙwayoyin kabon uku masu ƙarin nauyi, wanda ke fitowa a 198 ya fashe zuwa 140. Tagwayen na ainihin ne, duk abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan, don haka da shi ake gyara lissafi. Da shi, sakamakon ya kan yi kyau sosai. Amma 'yar kwalbarsa daga waje take zuwa, da tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke ajiye shi ba. Wanda ya ce zai auna maka da LC-MS/MS, tambaye shi ko yana da wannan tagwayen. In ya fara kame-kame, HPLC ɗin maƙwabcinsa ta fi tasa na'urar gaskiya.

Na taɓa ganin ranar da wani sabon ma'aikaci ya manta ya ɗura gahawa ba tsinkawa. Kwana biyu muna wanke bututu, duk ruwan da muka saka, ko tsabtatacce ne, sai ya nuna kafeyin. Aikin mutane ya tsaya cak.

Sannan Legas ce. HPLC in an ɗauke wuta, a kunna janareto, a jira rabin sa'a, a ci gaba. Mas-sifek tana da famfon zuƙe iska da ke juyawa dubun-dubatar sau a minti, dare da rana, ba a kashe shi. In wuta ta yanke ba shiri, ko famfon ya tsira, sai an yi sa'o'i, wani lokacin yini guda, kafin na'urar ta dawo hayyacinta. Tana son batiran ajiyar wuta, da na'urar sanyaya ɗaki da ba ta hutawa, da injin samar da naitirojin, ga damshin garin nan da ba ya barin komai. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato na unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ba sai na faɗi abin da ya biyo baya ba. Sabuwar LC-MS/MS kuɗinta ɗaruruwan dubban daloli ne, HPLC kuwa dubun-dubata. In wani ƙarfe ya lalace, jiran injiniya da kayan gyara daga waje na iya cin makonni. Duk wannan a kan ledar gahawarka za a raba shi, a kuɗi da kuma a jira.

Kada dai a ɗauka na raina ta. Akwai tambayoyin da in ba ita ba, babu mai amsawa da daɗin rai. Ka ga irin gahawar nan da ake tallatawa a waya, wai ta ƙarfin maza ko ta rage ƙiba, wai ganye ne zalla? Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha fitar da gargaɗi a kan irinsu, bayan an gano an ɓoye sildenafil ko tadalafil a wasu, a wasu kuma sibutiramin. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya sha bai sani ba. Dillalin da aka kawo wa irin wannan kaya yana son ya san me ke ciki kafin ya sa a shagonsa, mas-sifek zai nema. Haka wanda zai fitar da gahawa Turai. Can ba kafeyin ne zai tare kayansa a tashar ruwa ba, gubar fumfuna ce mai suna okuratoksin A, wadda tun Janairun 2023 iyakarta a soyayyar gahawa maikurogiram 3 ne a kilo. Ga akirilamaid, wani sinadari mai illa da ke fitowa wajen suya, ga ragowar maganin ƙwari. Waɗanda suka tuna yadda Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015 saboda maganin ƙwari sun san ba wasa ba ne. A nan ana neman allura ce a cikin rumbu, kuma sikelin gwal ta sami aikinta. Mai binciken kafeyin a cikin jini, ko a ruwan lagun don gano inda ƙazantar gidaje ke malala, shi ma nan zai zo.

Abu ɗaya da babu wadda za ta yi maka a cikinsu ta hanyar kafeyin kaɗai: tabbatar da cewa ba a cakuɗa maka Robusta a buhun Arabika ba. Lamba mai yawa tana iya sa ka zargi, amma kafeyin yana hawa da sauka daga gona zuwa gona. Wannan gwaji ne daban, na wani sinadarin da ke cikin man ƙwayar.

Da na gama wannan dogon bayani, sai na tambayi Kawu yadda yake haɗa mai goron. Ya ce da gwangwanin madara yake awo, yaran shago su juya a babban baho da ludayi. Na ce to a nan gizo ke saƙar. Garin goro da na gahawa ba nauyinsu ɗaya ba, ba laushinsu ɗaya ba. In an jijjiga baho, wani ya nutse wani ya taso. Ledar da aka cika daga sama da wadda aka kankare daga gindi suna iya bambanta fiye da duk bambancin da ke tsakanin HPLC da mas-sifek. Ga suya: kafeyin ba ya ƙonewa sosai a wuta, amma ƙwayar tana rasa kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta, don haka suyar yau da ta jibi ba za su ba da lamba ɗaya ba in wutar ta bambanta. Ga garin da aka bari a buɗe ya sha damshi ya ƙara nauyi. Kuɗin da za a kashe a gwada leda ɗaya da babbar na'ura, gara a gwada leda huɗu ko biyar daga suya daban-daban da HPLC. Lamba ɗaya mai dogon wutsiya bayan ɗigo ba ta gaya maka komai game da ledar da ke hannun mai saye.

Wurin kaiwa kuwa Legas ba ta rasa ba. Hukumar NAFDAC na da ɗakunan gwaji a Oshodi da Yaba, amma nata na rajista ne da sa ido. Akwai na hukumar kula da ingancin kaya SON a Ogba, akwai cibiyar binciken masana'antu FIIRO a Oshodi, akwai Jami'ar Legas a Akoka, ga masu zaman kansu da ke ƙarƙashin IPAN, cibiyar masu gwajin kayan masarufi ta ƙasa. Ko'ina ka je, kada ka tsaya a kan ganin tambarin ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji, a bango. Nemi takardar da ta lissafa gwaje-gwajen da aka amince musu, ka duba ko kafeyin na ciki, don ɗakin gwaji na iya samun shaida a kan ruwan sha kawai. Ka ce a rubuta maka sunan hanyar da aka bi, a auna kowane samfur sau biyu, a kuma faɗi ko sakamakon na busasshen nauyi ne ko na garin yadda ka kawo shi.

Kawu ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wato dai ludayin ne matsalar, ba injin ba."

Na ce, "Ludayin da gwangwanin, Kawu. Ku sayi ƙaramin sikeli na kicin, a daina awo da gwangwani. Kuma 'cokali' ba ma'auni ba ne, a rubuta giram."

Ran Litinin ya aiko yaro da leda shida, uku na zalla uku na haɗi, kowace daga suya daban, giram 100, a like, an rubuta kwanan wata da biro a jiki. A kan takardar neman gwajin na rubuta: kafeyin, HPLC, sau biyu kowanne, da awon damshi, sannan ga na haɗin a fitar da tiyoburomin daban. Na okuratoksin mun bar shi sai ranar da maganar fitar da kaya waje ta taso, kuma na riga na gaya masa ranar ba zai ji daɗin kuɗin ba.